Gurbin Yatsa a Ƙafar Ruhaina

Ranar Talata ce a tsakiyar watan Yuni. Ruwan sama ya tsuge tun kafin a fito daga sallar asuba, bai kuma nuna alamar ɗaukewa ba. Babbar kwatar da ta ratsa tsakanin unguwannin Nima da Maamobi ta cika ta batse, tana tafe da ledoji da kwalaben roba da wata matacciyar kaza. Na tsallaka gadar katako da Ruhaina a kafaɗa, na lulluɓe ta da ledar da Mma ke rufe tukunyar koko da ita. Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe da daina kuka mai ƙarfi, sai wani siririn gunaguni kamar na ɗan kyanwa.

Ruhaina 'yar yayata ce, Zuera. Watanta goma sha tara a duniya. Ubanta ya bi hanyar Libiya tun tana ciki, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Zuera kuwa wata biyar ke nan da wani ajan ya sama mata aikatau a gidan wasu Larabawa a Kuwait. A rana ɗaya aka yaye yarinyar: aka shafa wa nono ɗaci da safe, da yamma uwar ta hau mota zuwa filin jirgi. Daga nan Ruhaina ta koma hannun Mma, mahaifiyarmu, mai sayar da koko da ƙosai a bakin titi. Koko da safe, koko da rana, da yamma kuma ragowar kokon da bai ƙare ba.

Yarinya ta yi ta cika. Kumatu suka fito, ƙafafu suka yi luhu-luhu, ɗan warwaron hannunta ya shige cikin fata har sai da aka yanke shi. Matan gidanmu na haya suna wucewa suna jan kumatunta. "Mma Sadia, hannunki akwai albarka!" Kowace Juma'a, ranar da uwar gidan Zuera ke ba ta wayarta na awa ɗaya, ni nake ɗaukar hoto in tura mata. Har suna ta sa wa yarinyar: Ƙatuwata.

Ba kumburin ne ya fito da mu ran nan ba, don ba mu san kumburi ne ba. Fatar bayan gwiwarta ce ta fara saɓulewa kamar tsohon fenti. Mma ta ce in kai ta Gidan Madara su ba mu man shafawa in dawo.

"Kai ne ba ka da aikin yi," in ji ta. "Kuma kada ka biya majalisa da ita."

Gaskiyarta. A aji biyu na ƙaramar sakandare na bar makaranta. Na yi kwandasta a motar haya ta tirotiro, na koyi gyaran waya, na sauke doya a kasuwar Agbogbloshie. Ba inda na cika wata uku. Ƙafata ba ta iya zama wuri ɗaya.

* * *

Gidan Madara ba shi ne ainihin sunan wurin ba. Sunan yana rubuce da Turanci a wani allo da ya yi tsatsa, amma ba mai kiran sa. Tsohon gida ne a Maamobi da wata ƙungiya ta mayar wurin jinyar yaran da yunwa ta kwantar: ɗaki biyu da aka fasa bango aka haɗe, gado takwas, da baranda inda sikeli ke rataye a jikin katako kamar na mahauta.

Nas ɗin wurin, Anti Memuna, gajeriyar mata ce mai tabarau da igiya. Ko kallon bayan gwiwar ba ta yi ba. Ta kama ƙafar Ruhaina, ta danna babban yatsanta a saman ƙafar, ta ƙirga uku, ta ɗaga. Gurbin yatsan ya zauna kamar an danna a cikin ƙullu.

"Ina uwarta?"

"Tana Kuwait."

Ta cire tabarau ta bar shi yana lilo a ƙirjinta. "Ta huɗu ke nan a bana. Kai wane ne?"

"Kawunta. Fatawu. Man shafawa kawai muka zo karɓa, Anti. Ai ga ta nan ƙatuwa."

"Ba ni yatsanka." Ta kama hannuna ta danna shi a ɗayar ƙafar. Na ji naman yana tafiya ƙarƙashin yatsana, mai sanyi, bai dawo ba. "Wannan ba ƙiba ba ce, ɗana. Ruwa ne. Yarinyarku ta gaske tana ƙarƙashinsa, kuma ba ta da yawa. Dubi gashinta ya yi ja kamar na masara. Yaushe rabon da ta yi dariya?"

Na buɗe baki in ba ta amsa, sai na rasa ranar.

Aka saka ta cikin wani shuɗin wando aka rataya a sikeli. Kilo takwas da ɗigo ɗaya. Anti Memuna ta rubuta a kati, ta nuna mini gado na shida.

"Zan faɗa maka abu ɗaya, ka riƙe shi, ka kuma faɗa wa mutanen gidanku. Idan magani ya fara aiki, ramewa za ta yi. Sikelin nan sauka zai yi kafin ya hau. Kada ku firgita."

Na faɗa wa Mma a waya da yamma. Ina jin ƙarar injin niƙa a bayanta. "To, to," ta ce. "Su dai ba ta magani. Ka zauna da ita, ni gwiwata da kasuwa ba za su bar ni ba."

* * *

Rayuwar Gidan Madara a kan cokali da tukunya take tafiya. Duk bayan awa uku Anti Memuna ko mataimakiyarta za ta buga cokali a murfin tukunya, iyaye mata su yi layi da kofunansu. Kowane kofi da sunan yaro a manne. Madarar tsararo ce, kamar an wanke kwanon nono, kuma auna ta ake yi da sirinji. Ba a ƙara ko ɗigo. Ba koko, ba shayi, ba ɗan burodi a ɓoye. Anti Memuna ta ce cikin irin waɗannan yara kamar tsohon injin ne da ya daɗe a kashe, idan aka taka shi da ƙarfi lokaci ɗaya, zuciya ce za ta tsaya.

Ni kaɗai ne namiji. Ba a barin maza su kwana a ɗaki, sai aka ba ni bencin baranda. Tun rana ta biyu matan suka raɗa mini suna.

"Maman Ruhaina, zo ka karɓi madararka!"

"Maman Ruhaina, ba haka ake goyo ba, za ka karya mata wuya. Ɗaure zanen ta saman nonon."

"Ina ya ga nonon?"

Ɗakin ya kaure da dariya. Wadda ta fi tsokanata ita ce Sala, mai gado na biyar, 'yar dako ce a Agbogbloshie, daga arewa ta zo. Hausarta ta kasuwa ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Ɗanta Mujeeb bai kumbura ba, shi bushewa ya yi, fuskarsa ta zama ta tsoho.

"Naka ya cika, nawa ya bushe," in ji Sala. "Ciwo ɗaya ne. Anti ya ce naka ma ya fi haɗari. Ni da na gan shi, na ce wannan ɗan mai kuɗi me ya kawo shi nan?"

Ita ta koya mini ba da madara da cokali ta gefen baki, a hankali, a jira a haɗiye. Kofi ɗaya yakan ci mana rabin awa. Ruhaina takan kau da kai, ta ce "a'a". Kalmomi uku ta iya a duniya: a'a, ruwa, da Tawu, wato ni.

Da safe awo, bayan awo wanka da ruwan ɗumi, sai shafa wa gyambon magani mai launin shuni. Da hantsi wankin tsumma, igiyoyin tsakar gida su cika. Likita na zuwa Litinin da Alhamis, ya zagaya gadaje takwas cikin minti ashirin. Da la'asar a shimfiɗa tabarma a baranda, a zubo gwangwanayen madara da aka cika da tsakuwa, yaran da suka fara farfaɗowa su yi ta kaɗawa. Waɗanda ba su farfaɗo ba suna zaune kamar an dasa su, suna kallon bango.

Ba kullum ake fita ta ƙofar gaba ba. Ranar Lahadi aka naɗe katifar gado na biyu aka fitar da ita rana. Ba wanda ya yi tsokana ran nan. Kafin la'asar an kawo wata yarinya a gadon.

Abokaina suna kira na. Saaka ya ce an samu aikin lodi a Adabraka, in zo da wuri. Na ce ina zuwa. Na kai har bakin ƙofa, sai na ji cokali a murfin tukunya, na dawo. Ban taɓa zama wuri ɗaya kwana goma ba tun da na bar makaranta. Ban ma lura na zauna ba.

Sikeli ya yi abin da Anti Memuna ta ce. Kilo bakwai da ɗigo takwas. Bakwai da huɗu. Bakwai. Kumatun suka zube, idanun da suka shige ciki suka fito manya-manya. Haƙarƙari ya bayyana ɗaya bayan ɗaya, fatar cinyoyinta ta yi yawa kamar ta ari wandon wani. Kowace safiya Anti Memuna ta danna ƙafar, ta gyaɗa kai.

"Madalla. Ruwa na tafiya."

Ni kaina, da na ji bayani da kunnena, idan na ɗaga ta na ji ba nauyi, sai in fara shakka. Juma'ar farko ban iya ɗaukar sabon hoto ba. Na tura wa Zuera wani tsoho da ba ta taɓa gani ba. Ta aiko da jajayen zukata guda shida.

Ranar Alhamis ta biyu, kwana na goma, ina zaune a tabarma ina kaɗa mata gwangwani. Ya kuɓuce mini ya gangara ƙarƙashin benci, na bi shi da rarrafe, na buge goshi. Da na juyo ina shafa wurin, sai na ga bakinta a buɗe, haƙoranta takwas a waje.

"Anti!" Sala ta yi ihu. "Ya yi dariya! Yaron Maman Ruhaina ya yi dariya!"

Anti Memuna ta fito da sirinji a hannu. Ta tsaya tana kallo. "Shi nake jira," ta ce. "Duk wanda ya yi wannan, ya juyo. Gobe za mu fara ba ta gyaɗa."

Na laluba aljihu na ciro waya. Kafin kyamara ta buɗe, murmushin ya tafi.

* * *

Da yammacin ranar Mma ta zo, karo na farko tun kwana na uku. Ta shigo tana dafa gwiwa, da ɗan kwanon koko a ƙulle a ɗankwali. Ta wuce gado na shida, ta dawo, ta dubi yarinyar da ke kai, ta dube ni.

"Ina Ruhaina?"

"Ga ta nan, Mma."

Kwanon bai faɗi ba. A hankali ta ajiye shi a ƙasa. Ta taɓa haƙarƙarin da yatsa ɗaya, ta janye. Na fara yi mata bayanin ruwa da sikeli, na ce ai na faɗa mata a waya. Ta fita ba sallama.

Washegari Juma'a. Ƙarfe biyu wayata ta yi ƙara, kiran bidiyo. Zuera tana tsugune a wani ƙuntataccen ɗaki tsakanin injin wanki da buhunan shinkafa, tana magana ƙasa-ƙasa. Ta rame ita ma.

"Mma ta bar mini saƙo. Nuna mini 'yata."

"Yaya, tsaya in yi miki bayani tukuna."

"Fatawu, awa ɗaya gare ni. Nuna mini."

Na juya wayar. Ruhaina ta tashi daga barci ke nan, tana gunaguni, riga ta zame daga kafaɗarta. Na ji wani sauti daga wayar wanda ban taɓa ji daga bakin mutum ba, kuka ne da aka toshe da tafin hannu don kada masu gida su ji.

"Wannan ba 'yata ba ce. Me kuka yi mata? Makon jiya ka turo mini ita ƙatuwa!"

"Tsohon hoto ne, Yaya. Ni na yi kuskure. Wancan kumburi ne, yanzu ne take samun sauƙi. Jiya ma ta yi dariya."

"Ina hoton dariyar?"

Ba ni da shi.

"Ƙarya ka yi mini makon jiya, yanzu in yarda da kai? Ina wanke bayan gidan mutane saboda yarinyar nan ta ci ta ƙoshi, ku kai ta inda ake auna mata madara da sirinji?"

Na ruga neman Anti Memuna ta yi mata magana da kanta. Ta fita karɓo kaya. Kafin ta dawo, awar ta cika, wayar Zuera ta koma aljihun uwar gidanta.

* * *

Ranar Asabar Mma ba ta dama koko ba. Ban taɓa ganin haka ba sai ranar Sallah. Ta zo da mayafinta na zuwa biki, ta gaida Anti Memuna da ladabi, ta ce ta zo tafiya da jikarta.

Anti Memuna ta ba ta kujera. Ta ɗauko katin, ta nuna mata layin da ya sauka, ta nuna inda zai fara hawa. Ta kira Sala ta ɗago Mujeeb, wanda yanzu yake tsayawa da kansa.

"Shi ai da ƙashi ya zo, kuka sa masa nama," in ji Mma. "Tawa da nama ta zo."

"Ba nama ba ne, Mma. Duba." Ta danna ƙafar Ruhaina, ta ƙirga uku, ta ɗaga. Ba gurbi. "Kin gani? Ran da ta zo, rami yake zama."

"Ina yatsa zai lotsa, naman ma babu?"

"Ki ba ni mako biyu. Biyu kacal. Idan kika mayar da ita kan koko, ruwan zai dawo, kuma karo na biyu ba ya yin sauƙi."

Mma ta gyara mayafi. Muryarta ba ta tashi ba. "'Yata, ke kin yi karatu, ban raina ki ba. Ni shida na haifa, na binne biyu. Na san yadda yaro ke komawa idan zai tafi. Ramewa yake yi. Da kokon nan na raini huɗun da suka rage."

"Da nono kika raine su, Mma. Kokon ƙari ne."

"Amana aka ba ni. Uwarta ta ce a fito da ita. Idan ta mutu a nan, me zan ce mata?"

Na ce, "Mma, don Allah. Ni nake nan kullum, na ga abin da ido. Ba za ta tafi ba."

Sai a lokacin ta dube ni. "Kai? Kai da ka kasa gama makaranta yau ka zama likita? Kwana goma ka yi da mata kana wanke tsumma, shi ne za ka koya mini raino?"

Na ɗauki Ruhaina na rungume. Na ce ba zan bayar ba. Mma ta miƙe. Ta sa hannu ta cikin mayafi ta kama nononta na dama, a gaban matan nan duka.

"Fatawu. Idan ba ka fito da yarinyar nan ka biyo ni ba, ban yafe maka wannan ba. Duniya da lahira."

Duk wanda ya tashi a Zongo ya san mutumin da aka yi wa haka. Ana nuna su a bakin kwata, suna magana su kaɗai. Ban sani ba ko gaskiya ne. Na dai san ba wadda ta ce mini kada in bi ta. Sala ma ƙasa take kallo.

Akwai takardar da ake sa wa hannu idan za a fitar da yaro ba da yardar masu jinya ba. Mma ba ta iya rubutu ba. Karatuna na aji biyu ya isa in rubuta sunana a kan layi, kuma ya isa in karanta abin da ke samansa.

Anti Memuna ta ƙirgo ƙunshin kwaɓin gyaɗa ashirin da ɗaya ta zuba mini a leda. "Uku a rana. Nata ne ita kaɗai, magani ne. Ka danna ƙafar kowace safiya." Ta miƙo mini kofin mai sunan Ruhaina. Ba ta kalli fuskata ba.

* * *

A gidanmu ɗaki goma sha ɗaya ne, tsakar gida ɗaya. Yaro ba ya cin abu a gaban yara shida ya ci shi kaɗai, ba a taɓa yi ba. Mma ta lashi kwaɓin ta ce, "Gyaɗa ce da sukari." Kafin magariba ta raba bakwai. Na ɓoye tara a cikin tsohon takalmina na ƙwallo, ina ba ta a ɗaki idan Mma na kasuwa.

Washegari na dawo daga ɗebo ruwa na ji ihun Ruhaina, irin ihun da na ɗauka ta manta da shi. Mma ta kifa ta a cinya, maƙwabciyarmu ta riƙe ƙafafu. A hannun Mma akwai bentuwa, 'yar robar nan da ake matsa wa yara ruwan citta da barkono ta dubura.

"A wanke mata madarar asibitin nan," in ji maƙwabciyar. "Ita ta tsotse ta."

Duk da bentuwa aka raine mu. Na tsaya da bokiti a hannu, ruwa na zuba a ƙafata.

Zawo ya kama ta. Mma ta dama koko mai kauri, ta zuba sukari cokali uku, tana ba ta tana yi mata waƙa. Ba ta taɓa kula da wani yaro kamar yadda ta kula da ita a kwanakin nan ba. Tana tashi daga kasuwa sau biyu ta leƙo ta. Ta sayo mata sabuwar riga.

Na koma Gidan Madara na faɗa wa Anti Memuna. Ranar Laraba ta zo gidan da kanta, da jakarta. Mma ta ba ta benci, ta ba ta ruwa, ta tambayi mutanen gidanta ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce yarinya na barci, an gode. Ƙofar ɗakin a rufe take, Mma na zaune a bakinta. Anti Memuna ta sha ruwan ta tafi.

A kwana na tara na danna ƙafar da safe. Gurbi ya zauna, ɗan ƙarami. A kwana na goma sha biyu ya yi zurfi. Kumatu suka fara dawowa. Matan gida suka dawo da jan su.

"Kun gani? Hannun kaka daban ne!"

Na nuna wa Mma gurbin. Ta buge hannuna. "Daina danna mini jika kamar mai sayen burodi."

Ran Juma'a ta sa wa Ruhaina sabuwar rigar, ta shafa mata hoda da kwalli, ta ce in ɗauka. Na ɗauka. Na rubuta wa Zuera a ƙarƙashin hoton cewa wannan kumburi ne, ta ce a mayar da ita. Ta karanta. Saƙon murya ta aiko, tana dariya tana kuka.

"Alhamdu lillahi! Ƙatuwata ta dawo. Fatawu, ka bar maganar nan haka, na yafe maka. Ka ce wa Mma Allah Ya saka. Juma'a mai zuwa ka sa ta ta ce Mama, ka ɗauko mini muryar."

* * *

Ranar Litinin da hantsi na kai mata ruwa, ba ta ce a'a ba, ba ta ce komai ba. Hannunta sanyi kamar ƙarfen famfo, ga rana ta fito. Mma na bakin titi. Ban yi tunanin nono ba, ban yi tunanin lahira ba. Na ɗauke ta na bi ta bayan gida, na tsallaka gadar katako da gudu.

Sala na baranda tana ɗaure kayanta, ranar aka sallame su. Mujeeb na tafiya yana dafa bango. Da ta gan ni ta saki ƙullin.

Anti Memuna ta ɗiga mata ruwan sukari a baki. Ta ce in cire riga. Ta manna yarinyar a ƙirjina, fata da fata, ta ɗaure mu da zanen Sala. "Wannan ya fi ƙarfin nan. Babban asibiti." Ita ta tare tasi, ta shiga gaba.

A shataletalen Nima motoci sun cushe. Direba ya yi ta hon, Anti Memuna ta fitar da kai ta taga tana roƙo da Hausa da Turanci da yaren Tuwi. Masu tallan ruwa suna leƙowa suna ja da baya. Ina jin numfashinta a ƙirjina, ɗan ɗumi, sai shiru, sai ɗan ɗumi. Na riƙe ƙafarta a tafin hannuna ina kiran sunanta. Can na lura na daɗe ina jiran ɗumin.

Anti Memuna ta juyo, ta sa yatsu biyu a wuyanta, ta daɗe. Sannan ta ce wa direba ya daina hon.

Da na buɗe hannuna, gurbin babban yatsana yana kan ƙafarta. Na yi ta kallon sa har muka iso gida. Bai cike ba.

An binne ta bayan la'asar. Mma na zaune a tabarma tsakanin matan gida, ba ta kuka, tana faɗa wa duk wanda ya shigo gaisuwa magana ɗaya: "Ai ta fara murmurewa. Ku tambaye su, ta fara cika." Suna gyaɗa kai. Wata ta ce ƙila madarar ce ta riga ta yi mata illa.

Yau Laraba. Jibi da ƙarfe biyu za a miƙa wa Zuera wayarta na awa ɗaya. Saura wata goma sha tara a kwantiraginta, daidai da abin da 'yarta ta yi a duniya har ran da na fara tsallaka gadar nan da ita.

Abin da ya rage a ɗakina: kofi ɗaya mai suna a manne, ƙunshin gyaɗa biyu a cikin takalmi, sabuwar riga da aka sa sau ɗaya, hotuna ashirin da uku, duk na kumburi.

Abin da ya tafi: yarinya ɗaya, wata ashirin ba kwana huɗu. Haƙora takwas. Kalmomi uku. Murmushi ɗaya, wanda ni da Sala da Anti Memuna kaɗai muka gani.